Injin da Yaya Yake Juyawa

Akwai shekarun da yayana ba shi da wani aiki a duniya sai juya inji. Haka ake faɗa a shagon Kawu da ke Adjamé, kuma ba da wasa ake faɗa ba. Kawu wan mahaifiyarmu ne, ɗan kasuwa irin na da, wanda iyayensa suka zo daga Tahoua suka zauna har suka manta hanyar komawa. Flas yake sayarwa, da kuloli, da silifas, duk a kan sari. Yawancin masu sayen ba sa zuwa. Suna can Korhogo ko Man ko Odienné, su bugo waya, a ɗaure musu kaya a kwali, a manna takarda mai suna da gari, a kai tasha, sannan a tura musu saƙo a waya cewa kayansu na cikin mota kaza. Manna takardar nan da tura saƙon nan su ne ayyuka biyu na wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙuryar shagon, bayan buhunan silifas. A wurin aikinmu serveur muke ce wa irinta. A shago kowa inji yake ce mata.

Yaya ne ya haɗa ta. Ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ne na fari ni ce auta, kuma a da yana da cyber, wato shagon intanet, a Bracodi, inda na fara taɓa kwamfuta ina zaune a kan cinyarsa. Da waya mai intanet ta shiga aljihun kowa, cyber ta mutu a hannunsa yana kallo. Ga mata, ga yara, ga haya a Treichville. Kawu ya kira shi ya ce ya zo ya yi wa shago abin zamani. Ya ɗauko ɗaya daga cikin kwamfutocin cyber ɗin da ba su sayu ba, kuma da yake ba ta da ƙarfi, sai ya sa mata tsari mafi ƙanƙanta, wanda ba hoto ba linzami, baƙin allo kawai da farin rubutu. Irin wannan tsarin ba ya zuwa da komai. Duk abin da kake so sai ka ɗauko ka ɗora da hannunka. Yaya ya tsinto nan ya tsinto can a intanet, ya harhaɗa wata 'yar manhaja da ke tura saƙo ta wani ɗan modem mai layin waya a ciki. Ta yi aiki, kuma ranar Kawu har rago ya so yankawa.

Matsalar ta zo ne da firinta ta mutu aka sayo sabuwa. Dole in yi ɗan bayani a nan. Akwai abin da muke kira laburare, ba na littattafai ba, wani guntun manhaja ne da sauran manhajoji ke ara su yi aikinsu, kamar turmi ɗaya a gidan haya. Manhajar sabuwar firinta ta ce ita sai sabon samfurin wani laburare. Manhajar saƙon Yaya kuwa da tsohon samfurin aka gina ta, in ta ga sabon ko motsi ba ta yi. Injin kuma samfuri ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Abin da Yaya ya yi shi ne ya ajiye duka biyun a gefe, in za a buga takarda ya rubuta wasu layuka ya sa sabon, in za a tura saƙo ya cire ya mayar da tsohon. Tun safe har magariba abin da ake ji ke nan a shagon.

"Yaya, juya mana zuwa takarda."

"Yaya, mota za ta tashi, juya zuwa saƙo."

Har masu dakon da suka girme shi Yaya suke ce masa. Kullum sai ya taso daga Treichville da sassafe, ya haye gada, ya ratsa cunkoson Adjamé, don in bai zo ba kaya ba sa fita. Ko zazzaɓi yake yi sai ya zo. Da wannan ya ciyar da gidansa shekara da shekaru, ni kuma a lokacin ina makaranta, daga baya na samu aiki a wani kamfani a Plateau, unguwar ofisoshi, inda kula da irin waɗannan injuna ne sana'ata.

Da gwiwoyin Kawu suka fara ba shi wahala, babban ɗansa ya karɓi shagon. Taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Yana da kirki, amma irin mutanen nan ne da ba sa son ganin abu yana tafiya a hankali. Shi ya laƙaba wa Yaya "ministan juyawa", ana dariya, Yaya ma yana dariya, ni dai dariyar ba ta taɓa yi mini daɗi ba. Tsohon injin ya fara kashe kansa da rana tsaka saboda zafi, wata rana ma da mota tana jira. Taubashin nawa bai yi shawara da kowa ba ya sayo sabo fil, ya bugo mini waya.

"Baiwata, zo ki yi wa ubangidanki aiki. Ki kwashe duk abin da ke cikin gawar nan ki zuba a sabon."

Na ce masa Allah ya kiyaye ni da ubangida mai rowa, amma zan zo ranar Asabar.

Da na gaya wa Inna, mahaifiyarmu, tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ke dai ki sani, tukunyar gidan yayanki daga injin nan take tafasa." Na ce mata haba Inna, kwashewa kawai zan yi, yadda yake haka zan mayar. Wallahi har zuciyata haka na yi niyya. Zan ɗora komai yadda na same shi, har da juyawar, in karkaɗe zanena in tafi.

Na sa wa sabon injin ƙaramin tsari kamar yadda Yaya ya yi wa tsohon, don haka muke yi a wurin aiki, abin da ba ka ɗora ba ba zai lalace maka ba. Manhajar firinta ta hau ba gardama, sai dai ta jawo 'yan rakiya, wannan yana buƙatar wancan, wancan yana buƙatar wani, har allo ya cika. Duk wannan na saba. Da na zo kan manhajar saƙo ne aka fara. Ta nemi tsohon laburarenta, na duba ma'ajiyar da sabon tsarin ke ɗauko kaya, babu shi, an daina shi tun tuni. Na kwafo shi daga tsohon injin na ce a ɗora. Sai injin ya amsa mini cewa zai ɗora, amma sai ya cire abubuwa, ya jero su, suna ta gangarowa, har da abin da ke haɗa shi da intanet da abin da shi kansa yake ɗora manhaja da shi. A ƙasa ya tambaye ni ko na yarda. Na ce a'a.

Taurin kai ya sa na gwada dabarar Yaya, na musanya laburaren da hannu ba tare da na nemi izinin kowa ba. Tabɗi. Injin ya daina gane ni gaba ɗaya. Ko umarnin da zan gyara ɓarnar da shi ya ƙi tashi, don shi ma a kan sabon laburaren yake tsaye. Sai da na goge komai na sake daga farko, ina zufa, ina zagin wanda ya ƙirƙiro abin da wanda ya sayo shi. Yaya yana gefe a kan tsohon injin yana ta juyawarsa, don shago bai tsaya ba. Lokaci lokaci ya leƙo ya ce, "Auta, ya ake ciki?" In ce masa ana fama.

Asabar ta biyu na gane abin da nake gudu. A tsohon injin juyawa tana yiwuwa ne don tsarin kansa tsoho ne, bai damu da wane samfuri ke ciki ba. A sabon ba za ta taɓa yiwuwa ba. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma na san ta tun ranar farko, kullum ita nake bi a Plateau: a keɓe wa manhajar saƙo wuri nata a cikin injin, a rufe ta tare da tsohon laburarenta, ba ta ganin na waje, na waje ba ya ganinta. Na gwada, don dai in ce na gwada. Kafin a kira la'asar wayata ta yi ƙara, saƙon gwaji ya shigo, firinta kuma tana tsakiyar fitar da takarda. Duka biyun a lokaci guda, ba wanda ya juya komai. Na waiga da sauri na ga ba wanda ya lura, na kashe injin, na ce wa taubashina har yanzu da saura. Sai na ji kamar na yi sata.

A gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, ina komawa gida wata dabara ta zo mini, kuma har na ji daɗinta. Zan rubuta ɗan umarni na ƙarya. In an rubuta "takarda" sai ya rufe saƙo ya buɗe firinta, in an rubuta "saƙo" ya yi akasin haka. Ba don ana buƙata ba, don dai a ci gaba da kiran Yaya. Aikin minti kaɗan ne. Ba wanda zai sani a shagon sai ni da Yaya.

Ranar Lahadi bayan la'asar na tafi Treichville. Gidansu na bayan tashar Gare de Bassam ne, babban tsakar gida da ɗakuna a jere, ko'ina ka tsaya kana jin masu kiran fasinja. Matarsa tana suyar alloco, wato agada, a bakin ƙofa, ta ba ni kujera ta koma wajen kaskonta. Yaya yana kan tabarma yana haɗa shayi. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi yara, na tambayi ruwan sama da ya shiga ɗakinsu, sannan na faɗa masa komai, har da dabarar.

Ya daɗe yana zuba shayin daga kofi zuwa buta, daga buta zuwa kofi.

"Wannan keɓewar da kike faɗa," ya ce, "na taɓa jin labarinta. Da daɗewa. Na buɗe shafin da ake bayani, na karanta rabi, na rufe. Na ce wa kaina turancin ya fi ƙarfina."

"To ai ya fi ƙarfin mutane da yawa, Yaya."

"Ban sani ba ko ya fi ƙarfina ne ko ban so ya zama bai fi ba. Har yau ban sani ba." Ya miƙo mini kofi. "Amma a lokacin, ko ma mene ne, injin da gaske yana buƙatata. In ban juya ba kaya ba sa fita. Wannan da kike so kuwa, da saninki da sanina za mu zauna mu yaudari Kawu, in karɓi albashi in kawo wa yaran nan su ci. Auta, a'a."

Raina ya ɓaci, don ina da saurin fushi, kuma na fi yin fushi in na san ba ni da gaskiya. Na ce masa ai Kawu ba zai ji ko a jikinsa ba, kuma ɗansa yana ɓarnatar da abin da ya fi haka a kan takalma. Na ce masa ya yi tunanin yara. Na ce abubuwa da yawa, har matarsa ta rage wutar kasko don ta ji. Shi kuwa bai ɗaga murya ba. Ya ce in je in yi aikina yadda aka koya mini, kada in yi rabin aiki a ce ƙanwarsa ba ta iya ba. Da zan tafi ya rako ni har bakin titi, ya tsayar mini da woro-woro, tasin da ake haɗuwa a shiga, ya ce in gaishe da Inna.

Asabar ta gaba na kunna injin a gaban kowa. Taubashina ya sa aka buga takarda ana tura saƙo, ya sake, ya sake, kamar yaro da sabon abin wasa. Ya ce daga yau ya 'yanta ni. Aka sayo garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, da lemo aka ci. Yaya ya ci, ya sa mini albarka da ƙarfi don kowa ya ji. Kawu da aka gaya masa a gida ya aiko da magana ɗaya, cewa ɗan ƙanwarsa yana nan a inda yake, albashinsa yana nan, kada ya ji wani zance. A wurinmu ba a korar ɗan'uwa daga shago, kowa ya san haka. Na riƙe maganar Kawu na kwanta a kanta, na ce wa Inna kin gani ko, ba abin da ya faru. Inna ta ce to.

Na koma harkokina. A lokacin aiki ya yi mana yawa a Plateau, kuma gaskiya ban so in je shagon ba. Labari dai yana zuwa mini ta wajen Inna. Yaya yana zuwa kullum da sassafe kamar da. Yana zama a ƙuryarsa. Wani lokaci ya tashi ya taya ɗaure kwali, masu dako su karɓe igiyar su ce haba Yaya, bar shi, ba girmanka ba ne. Ba wanda ya wulaƙanta shi. Ba wanda ya kira shi kuma.

Bayan wasu makonni taubashina ya bugo mini da rana tsaka, saƙo ya daina fita, mutanen Korhogo suna ta kira suna faɗa. Na nemi izini a wurin aiki, na shiga cunkoson Adjamé cikin rana, na iso a jiƙe da gumi da haushi. Ina dubawa na ga ba komai ba ne. Modem ɗin ne ya sanƙare, sai a zare a mayar, a sake tayar da manhajar da layi ɗaya. Abin da Yaya ya yi sau ba adadi a tsohon injin. Ga shi kuwa zaune, bai fi taku biyu da allon ba, hannuwansa a kan gwiwa.

Bakina ya riga hankalina. A gaban taubashina da masu dako na ce, "Haba Yaya, wannan ma sai an taso ni daga Plateau? Kana zaune a nan?"

Ya ce, a hankali, "Na zare na mayar. Tayarwar ce ban iya ba. Ba ni da hanyar shiga."

Sai da na ɗan tsaya kafin na fahimta. Ƙaramin tsari ba ya buɗe wa kowa ƙofa da kansa, wanda ya ɗora shi ne yake ƙirƙirar sunan duk wanda zai shiga, ya ba shi kalmar sirri. Ranar da na ɗora, na yi nawa, na yi na taubashina tunda shi ne mai shago. A wurin aiki haka ƙa'ida take, wanda ba ya buƙatar shiga ba a ba shi. Hannuna ya bi ƙa'idar ba tare da ya tambaye ni ba. Ni da na je har Treichville ina yi masa faɗa a kan yaransa, ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa ban sa shi a cikin injin ba. Duk makonnin nan yana tasowa da asuba, ya haye gada, ya zo ya zauna gaban allon da ke tambayarsa suna, kuma bai gaya wa kowa ba, don faɗin zai zama kamar ƙarar ƙanwarsa yake kaiwa.

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Taubashina ma, mai bakin nan, ya juya yana duba wayarsa. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, yanzu zan yi maka."

"Bar shi, Auta. Me zan yi a ciki?"

Ban saurare shi ba. Na rubuta sunansa, na ba shi iko daidai da nawa, na matsa gefe na ce ya sa kalmar sirrin da yake so. Ya taso, don kada ya ba ni kunya a gaban mutane. Na kau da kai yana dannawa, da yatsa biyu, a hankali, kamar yadda yake yi tun zamanin cyber. Injin ya ce ya maimaita, ya maimaita. Yaya ya ce mini an gode.

Ƙarshen watan ya je gida ya samu Kawu da kansa, ya ce ya samu wani abin yi kusa da gida, zirga-zirgar gada ta fara gajiyar da shi. Kawu ya yi faɗa, ya yi rarrashi, Yaya ya yi ta godiya bai canza magana ba. Abin yin shi ne tebur a Gare de Bassam, wurin masu aika saƙon kaya, yana rubuta suna da lambar waya a jikin kwali da alƙalami mai kauri. Abin da yake samu bai kai na shago ba, babbar 'yarsa ma a gidan Inna take yanzu don a rage musu nauyi. Bai taɓa yi mini maganar ba. In na je, shayi yake haɗa mini, ya tambaye ni aiki. Inna ma ba ta taɓa cewa ai na gaya miki ba, kuma da ta faɗa da na fi samun sauƙi.

Na sha zama in lissafa ko akwai yadda zan yi da ban yi ba. Tsohon injin mutuwa yake yi, sabon ba ya juyuwa, dabarar ƙaryar kuma shi ya ƙi ta. Duk wanda na ba labarin a wurin aiki cewa yake ba laifina ba ne. Na ji, amma abin bai sauka daga ƙirjina ba.

Har yanzu ni nake kula da injin, daga ofis nake shiga in sabunta abin da ke buƙatar sabuntawa. Yana aiki lafiya, bai sake ba da matsala ba. Akwai umarnin da ke nuna ranar da kowane mai suna ya shiga na ƙarshe, kuma ƙa'idar aiki ta ce duk wata in duba in goge wanda ba ya amfani. Nawa yana nuna yau. Na taubashina yana nuna wani lokaci can baya. A gaban sunan Yaya injin yana rubuta cewa bai taɓa shiga ba, ni kuma na kasa gogewa.